Ranar Da Na Buɗe Dozin

Kowa ya ɗauka kwalba ce take bugar da mutum. Ba ita kaɗai ba ce, ɗaki ne. Ku ba ni mutum ɗaya da giya iri ɗaya in zaunar da shi a ɗaki biyu. A na farko ya sha kwalba biyu ya tashi ya yi mini sai gobe, a na biyu sai an kama shi ta hammata. Ku 'yan matan da kuka zo bana kuna ce mini, "Anti Talatu, wannan ma aiki ne? A ɗauko, a buɗe, a ajiye?" ku na rubuta wa wannan, don na gaji da maimaita magana. Ban girme ku da yawa ba, amma shekara ta uku ke nan ina riƙe da tire a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, kuma a duk tsawon lokacin nan mutum ɗaya tak aka fitar daga teburina ba da ƙafarsa ba. Zan gaya muku yadda aka yi, domin da hannuna aka yi shi.

'Yar Kafanchan ce ni, a Sabon Garin Kano na gama sakandare. Ƙanwar mahaifiyata, mai fataucin leshi, ita ta taho da ni Guangzhou a shekarar da aka mayar wa China Hong Kong, don in riƙa yi mata girki tana yawon kasuwa. Da ta gama sayayya ta ce mu tafi, na ce ban ga abin da zan koma yi ba. Na sami aiki a wata ƙaramar mashaya cikin lungu bayan ginin Tianxiu, ta wata tsohuwa 'yar ƙasar da kowa yake kira Ayi, wato goggo. Ta ɗauke ni ne saboda mutanenmu sun fara yawa a unguwar, ita kuwa ba Hausa, ba Turanci, ba Faransanci. Ta ba ni ɗaki a saman shagon, takardar zamana a ƙasar ma da sunan shagon aka yi ta.

Wata guda cur Ayi ba ta bar ni na taɓa mabuɗin kwalba ba. Jera kujeru kawai. Kullum da hantsi sai ta ɗauki tire ta bi tsakanin tebura, ni kuma in taho ta ɗaya ɓangaren da nawa tiren. In kafaɗarmu ta gogi juna sai ta harare ni, in sake jerawa. Na ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi. Sai daga baya na lura yawancin faɗan mashaya ba daga zagi yake farawa ba, daga bangaza ne. Wani zai wuce, ya bugi gwiwar hannun wani, giya ta zube a wando. Shi ke nan, an tashi.

Sauran dokokinta da hannu ta koya mini su, kafin in fara tsintar yarensu. Fitila fara ce, tangararau, kowa yana ganin fuskar kowa, kuma kowa ya san ana ganinsa. Ƙofa a buɗe take ana hango titi, ga agogo babba a bango. Kujeru masu majingini, mutum ya zauna ya sake. Kaset tana yi, amma in ba ka jin kukan butar shayi daga tebur na ƙarshe, to ƙarar ta yi yawa, a rage. Dalili kuwa, in kiɗa ya hana mutum hira, bakinsa ba shi da aikin yi sai sha.

Kafin kwalba ta sauka a tebur, butar shayi ce take fara sauka, kyauta, da kunun shinkafa ko gasasshen kifi ga wanda ya nema. Kofunan giya ƙanana ne. Kwalbar da aka shanye ba a kwashe ta a ɓoye, ana jera ta a kan dakalin bango kusa da teburin, inda ido yake gani amma hannu ba ya kaiwa sai an miƙe. Na sha ganin mutum ya ɗaga hannu zai kira ni, idonsa ya faɗa kan kwalabe huɗu a jere, ya sauke hannun ya sosa ƙeya.

Babbar doka kuwa ita ce ta mabuɗi. Yana ɗaure a ƙuguna, ba a barinsa a tebur, kuma ɗaya bayan ɗaya ake buɗewa ko da dozin aka saya. Kun san zafin garin nan, mai danshi kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Giyar da aka buɗe ba ta daɗewa take yin ɗumi ta salance. Wanda aka buɗe masa goma sha biyu a lokaci ɗaya ba sha yake yi ba, tsere yake yi da zafi. Wanda kuma sai ya kira ni kafin a buɗe masa ta gaba, kowace kira dama ce ta ya tambayi kansa ko ya isa haka. Ni ma dama ce ta in dube shi: yadda yake riƙe kofi, ko muryarsa ta hau, ko ya fara taɓa mutane in yana magana. In na ga alama sai in yi nawa, in je in dawo da shayi mai zafi maimakon kwalba, in ce firji bai gama sanyayawa ba. Ƙarya ce, kuma ban taɓa jin kunyarta ba.

Akwai abu ɗaya da ko Ayi ba ta gane ba sai da na nuna mata, kuma shi ne abin da na fi taƙama da shi a aikin nan. Masu masana'anta 'yan ƙasar nan suna son su fito da baƙonsu su shayar da shi kafin a yi maganar kaya. A wurinsu, barin kofin baƙo babu komai a ciki abin kunya ne ga mai masauki, yana ganin ya ƙare zai cika. Mu kuma an raine mu a kan cewa abin da mai gida ya zuba maka ba ka ragewa, ragewa raini ne. To, ku haɗa waɗannan ladubba biyu a tebur ɗaya ku gani. Shi yana cikawa don girmamawa, namu yana shanyewa don girmamawa, babu mai son ya fara karya wani. Ga kuma kalmarsu ta ganbe, wato a ɗaga kofi a shanye ƙaf a kife. Babu mugu a teburin, amma in ba wanda ya shiga tsakani sai ɗaya ya faɗi.

Ni ce mai shiga tsakanin. In na ga sabon zuwa, sai in sunkuya kamar ina goge tebur in ce masa da Hausa, "Yaya, bar rabi a kofin. In ka shanye sabo za a zuba maka, har gobe." In juya ga mai masaukin in ce da yarensu baƙon nan cikinsa ba ya son sanyi, da shayi zai amsa gaisuwa. Suna karɓa, ba sa jin haushi, ashe su ma da yawansu neman mafita suke.

Alhaji Saidu, wani dattijo mai aika kaya ta ruwa daga zangon Kumasi, a wurinmu yake kawo baƙinsa duk da bai taɓa kai giya bakinsa ba. In ya taso daga Juma'a a Masallacin Huaisheng, teburin kusa da ƙofa nasa ne, da butarsa.

"'Yata, kawo mini tawa giyar, mai tururi," in ji shi.

"Baba Alhaji, buta ta uku ke nan. Za ka bugu fa."

"In na bugu ke za ki goya ni. Yanzu gaya wa mutumin nan kwantenarsa ta makara, amma ki sa masa suga a maganar."

"Ni ba ni da suga, Baba."

"Na sani, shi ya sa har yau ba ki da miji."

Shekarar da ta fi kowacce muni a sana'ar nan ita ce wadda muka fi samun ciniki, wato bana. 'Yan kasuwar da a da suke zuwa Bangkok sun juyo nan, lungunmu ya cika da Hausa. A daidai lokacin ne Ayi ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, aka mayar da ita ƙauye. Ɗanta A-Fai ya karɓi shagon. Ya taɓa aiki a wani babban kulob a ƙetaren kogi, ya zo da dabarun can.

Ku a haka kuka tarar da wurin, kuna tsammanin haka mashaya take. Ya rufe ƙofa ya sa baƙin labule, ya cire agogo, ya sauya fitilu zuwa ja da shuɗi. Ya kwashe kujerun ya kawo dogaye marasa majingini, ya cusa tebur biyu inda da ɗaya yake. Sifiku huɗu. Shayi ya zama na saye. Kunun shinkafa ya tafi, gyaɗa mai gishiri ta zo, mai sa ƙishi. Ya ajiye kofin caca da 'ya'yan ludo a kowane tebur, wanda aka ci ya shanye kofi. Giya a dozin cikin bokiti, a buɗe duka nan take, wadda aka shanye a kwashe kafin a ƙirga. Ban-ɗakin da yake ƙasa ya rushe shi ya ƙara tebura, ya mayar da shi sama, ta wani siririn bene na ƙarfe mai tsayi. Ya kuma cire ƙarfen riƙewa na gefe ɗaya don a ji daɗin hawa da kiret.

Na yi masa magana tun makon farko.

"Lawban," haka ake kiran mai gida, "benen nan zai kashe wani."

"Ke injiniya ce?"

"Ni mai kallon ƙafafun mutane ce in sun sha."

"Ki kalli bokiti, shi aka ɗauke ki ki kalla. Kuma ki tuna ɗakin wa kike kwana."

Na koma kan bokitina. A teburana nakan saci hanya, in buɗe huɗu in bar sauran in A-Fai ya juya baya. Faɗa ya yawaita, kwalabe suka fara fashewa, Alhaji Saidu ya daina zuwa, ya ce ba ya jin abin da baƙonsa yake faɗa. Amma ba a fitar da kowa a kwance daga wurina ba, sai makon jiya.

Lokacin baje kolin kaka ne, gari ya cika. Da la'asar wani mai masana'antar kayan babur, Mista Lam, ya shigo da baƙonsa. Ɗanjuma sunansa, makaniken babur daga Kaduna, wanda abokan sana'arsa suka wakilta ya zo ya sayo musu kayan gyara. Zuwansa na farko ke nan ƙasar waje. Sabuwar shadda, takalmi yana ƙara. Da ya ji na gaishe shi da Hausa sai da ya miƙe tsaye.

"Kai! Ƙanwata, daga ina? Wallahi kwana huɗu da hannu nake magana kamar kurma."

"Kafanchan. Yaya Ɗanjuma, kana sha ne?"

"Ɗan kaɗan, ranar Lahadi. Kwalba ɗaya ta ishe ni. Amma mutumin nan ya yi mini karamci, tun daga filin jirgi yake ɗawainiya da ni. Ba na so in ba shi kunya."

Mista Lam ya sayi dozin. Na kawo bokitin, na buɗe biyu, na juya. Sai ga A-Fai a bayana.

"Duka."

"Mutum biyu ne kawai, Lawban."

"Babban baƙo ne, so kike a ce shagona rowa yake yi? Duka, ina tsaye."

Na buɗe. Goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, murafu suna zuba a ƙasa. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ɗakina na tuna da takardata, na buɗe.

Na sunkuya na ce wa Ɗanjuma ya bar rabi a kofinsa. Kiɗa ya cinye maganar. Ya sa hannu a kunne, ya yi dariya, ya gyaɗa kai kamar ya ji. Zan maimaita ke nan A-Fai ya tura ni can ƙarshen ɗaki inda wasu mutum takwas suke buga tebur. Daga nesa, ta tsakanin kawuna, ina hango su cikin jan haske. Mista Lam ya cika, Ɗanjuma ya karɓa da hannu biyu ya shanye, Mista Lam ya yi murna ya sake cikawa. Yarinyar da take kwashe kwalabe tana bi tana kwashewa kamar yadda aka koya mata. Kafin in kutsa in dawo an ƙara bokiti na biyu, ga kuma ƙaramar kwalbar farar giyarsu mai ƙona maƙogwaro. Ba a yi awa biyu ba.

Na iske kujerarsa babu kowa. Na ɗaga kai na gan shi can saman benen, ya fito daga ban-ɗaki yana laluben abin riƙewa a gefen da babu. Na kira sunansa. Ko ni ban ji muryata ba.

Tun daga sama ya gangaro har ƙasa, haɓarsa ta daki matakalar ƙarshe. Ba a kashe kiɗan ba sai da na je na fizge wayar daga bango. Ni da Mista Lam da wasu mutum biyu muka ɗauke shi. Da muka yaye labulen ƙofa sai muka ga ashe ko magariba ba a yi ba, rana tana nan, mata suna sayen ganye a bakin lungu. Ɗaya daga cikin masu taya mu ya tsaya yana kallon sama kamar an yaudare shi.

Muƙamuƙinsa ya karye, hannun dama ya karye wuri biyu, haƙora uku sun tafi. Makanike ne, da hannun nan yake ci. A cikin tasi Mista Lam yana riƙe da kansa yana ta maimaita mini magana ɗaya: "Na ga yana shanyewa, na ɗauka bai ƙoshi ba. Me ya sa bai ce ya isa ba?" Na ce masa a wurinmu ba a ce wa mai gida ya isa. Ya dube ni kamar na mare shi.

Washegari A-Fai ya manna takarda a jikin benen, wai a hau a hankali, da rubutun da ba ɗaya daga cikin mutanenmu da yake iya karantawa. Tebur na farko ya sayi dozin. Na buɗe biyu na tsaya.

"Duka," in ji shi.

"A'a."

"Me kika ce?"

"Meyo," na ce masa, wato babu, da kalmar da suke korar mu da ita a kasuwa. "Ka mayar da ƙarfen bene, ka rage kiɗa, ka bar ni in buɗe yadda uwarka ta koya mini. In ba haka ba ka buɗe da haƙorinka."

Ya ba ni mako guda in kwashe kayana daga ɗakin, ya ce takardata kuma in nemi wanda zai tsaya mini. Ban jira makon ba. Yanzu haka a kan tabarma nake kwana a wurin wata 'yar Ghana mai dafa wake da shinkafa a hawa na tara.

Na je asibiti duba Ɗanjuma bayan kwana uku. An ɗaure masa baki da waya, ta tsinke yake shan kunu. Mista Lam yana zaune gefensa, ashe kullum yana zuwa. Ɗanjuma ya yafito ni da hannun hagu, na kai kunne kusa, don maganar ta tsakanin haƙora take fita.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri, na ɓata miki wurin aiki."

"Yaya, rufe bakinka. Au, an riga an rufe maka."

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. Can ya ce, "Tambaye shi, ban dai ba shi kunya ba ko? Ban rage komai ba cikin abin da ya zuba mini."

Na fassara wa Mista Lam kalma da kalma, ban rage ba. Mutumin ya tashi ya fita baranda, ya daɗe. Da ya dawo ya ce yana da baƙi daga ƙasashenmu kusan kowane wata, kuma ba ya so ya sake zama da ɗayansu ba tare da wani a tsakani ba. Yana so in riƙa zama a teburin, ba riƙe tire ba, in gaya wa kowane ɓangare abin da ɗayan yake nufi. Kamfaninsa zai tsaya mini a takarda.

Na ce ya ba ni kwana biyu. A cikinsu ne na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuka rage a wurin A-Fai. Ban ce ku bar aikinku ba, na san kowacce da abin da ya fito da ita. Amma in sabon zuwa ya zauna a teburinki, ki sa baki a kunnensa har sai ya maimaita miki abin da kika faɗa. Gyaɗa kai ba ji ba ne.

Jiya na ba Mista Lam amsa. Na yarda, da sharaɗin ni zan riƙa zaɓar wurin da za a zauna, ba shi ba. Ranar Litinin baƙi uku za su sauka daga Kano. Mista Lam ya ambaci wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa, wai yana da kyau ƙwarai. Gobe da rana zan je ni kaɗai, in zauna a teburin ƙarshe in ji ko ana jin magana, sannan in tambayi inda ban-ɗakinsu yake, in hau da ƙafata in sauko.